Bitar hidimar lauyoyin haɗe ƙungiyoyi a Abuja: ta wadatar da masu haɗa ƙafar roba?

A Wuse da Garki da Utako akwai ofisoshin lauyoyi da yawa da ke tallar aiki guda: yi wa ƙungiya rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, sauya amintattu masu riƙe kadarar ƙungiya, gyara kundin tsarin mulki, da kuma haɗe ƙungiya biyu su zama ɗaya. Wannan na ƙarshen sabon abu ne, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ce ta buɗe ƙofarsa a sashe na 849, inda ta ce ƙungiyoyi biyu ko fiye masu manufa iri ɗaya za su iya haɗewa bisa ƙa'idojin da hukumar ta shimfiɗa. Wannan hidimar muka auna, kuma da ma'auni ɗaya muka auna ta: idan masu haɗewar ƙungiyoyin masu haɗa ƙafa da hannun roba ne, da masu ƙera ƙarfen ƙafa da majanyin baya da takalman gyaran ƙafa, shin abin da lauya zai miƙo musu zai faɗa musu wanda ya cancanci hawa kujerar shugabanci?

Hukuncinmu a gajarce: a fannin takardun hukuma hidimar tana da kyau, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. A fannin sharuɗɗan tsayawa takara kuwa, yawancin abin da ake sayarwa bai kai rabin abin da ake buƙata ba, kuma nan ne rigima ke tashi bayan an gama walima.

Abin da suka iya

Hanyar haɗewar ba ta da tsawo a takarda. Ƙa'idojin kamfanoni na 2021 sun nemi kowace ƙungiya ta zartar da ƙuduri da amincewar kashi 75 cikin ɗari na mambobinta, a buga sanarwa a jaridu biyu, a ba da kwana 28 ga mai ƙorafi, sannan Babbar Kotun Tarayya ta amince da tsarin haɗewar kafin a kai wa CAC, wadda hedikwatarta ke Maitama. Lauyan da ya saba aikin zai fara da duba fayil ɗin kowace ƙungiya tun kafin ya rubuta harafi ɗaya, domin abin da ya fi tsayar da aiki shi ne rahoton shekara-shekara da aka yi shekaru ba a shigar ba, ko amintaccen da ya rasu ba a cire sunansa ba, ko sunan da ke kan lambar NIN bai yi daidai da wanda ke kan tsohuwar takardar rajista ba. Waɗannan lauyoyin Abuja sun ƙware a kansu. Sun san fom ɗin da za a rantse a kai, sun san kalmomin da sanarwar jarida za ta ɗauka, sun san yadda ake amsa tambayar da jami'in CAC ya dawo da ita ta intanet.

Kuɗin aikin kashi huɗu ne, kuma a nemi a rubuto su daban-daban: kuɗin hukuma, kuɗin jaridu, kuɗin shigar da takardu a kotu, da ladan lauya. Wanda ya ba ku dunƙulallen farashi ɗaya, ku tambaye shi ko tarar tsofaffin rahotanni na ciki. Sau da yawa ba ta ciki, kuma sai an yi nisa ake jin labarinta.

Ejan-ejan da ke zaune a shagunan buga takardu suna yin rajistar sabuwar ƙungiya da araha, amma haɗewa ba aikinsu ba ne tunda akwai zuwa kotu. Wasu daga cikinsu kan ba da shawarar a bar tsofaffin ƙungiyoyin a yi wa sabuwa rajista kawai. Ya fi sauri, gaskiya ne. Sai dai tsofaffin ba su mutu ba: asusun banki yana nan da sunansu, amintattunsu na nan da ikonsu, kuma rushe ƙungiya a ƙarƙashin sashe na 850 shi ma ta kotu yake bi. Duk ranar da aka ɓata, ɓangaren da ya fusata zai koma tsohon gidansa ya tarar da fitila a kunne.

Inda hidimar ta gaza

Kundin da ake ciro wa abokin hulɗa daga kwamfuta ɗaya ne, ko ƙungiyar 'yan asalin wani gari ce, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta ma'aikatan lafiya. A wurin sharaɗin shugabanci zai ce mutum ya zama cikakken mamba, mai hankali, mai biyan kuɗin ƙungiya, wanda ba a taɓa ɗaure shi ba. Wannan kwafe ne daga sashe na 826 aka ɗan yi masa kwaskwarima. Sashen ya hana mutum huɗu zama amintattu: yaro, wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, wanda aka ayyana ya karye bai fita daga hukuncin ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Iyakar dokar ke nan, kuma ba ta yi laifi ba, don ba aikinta ba ne ta san bambancin mai gwada dungu da mai narka roba. Duk mai wannan sana'a ya san ba a ɗauko soket, wato mazaunin dungu a gaɓar roba, daga kan kantar shago a cusa dungun mutum a ciki, sai an ɗauki awo da filasta an gyara wurin da zai ɗauki nauyi da wurin da ƙashi ya fito. Kundin da ba a auna shi a jikin ƙungiyar ba haka yake gurje ta.

Kuskure na farko ma tun daga kalmar shugabanni yake farawa. A ƙungiyar sana'a irin wannan akwai kujeru iri uku da ba su da hukunci ɗaya. Akwai amintattu, waɗanda sunansu ke kan takardar CAC, su ke riƙe kadara, da sunansu ake ƙara ake kuma kai ƙara. Akwai majalisar gudanarwa da ake zaɓa: shugaba, sakatare, ma'aji da sauransu. Akwai kuma kwamitin da ke tantance ƙwarewa da ladabtarwa. Sama da su duka akwai hukumar gwamnati, MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi wa masu gashin ƙashi da masu haɗa gaɓoɓin roba da sauran ma'aikatan farfaɗo da nakasa rajista tana ba su lasisin aiki. Ƙungiya ba ta ba da lasisi, haɗewar ƙungiyoyi ba ta ƙara wa kowa matsayi a wurin MRTB, ba ta kuma rage masa. Kundin da aka saba sayarwa yana rubuta sharaɗi ɗaya ya shafa wa kujeru ukun nan, alhali kowace na buƙatar nata.

Akwai wani abu a sashe na 836 da mutane kan wuce ba su lura ba: majalisar gudanarwar da ƙungiya za ta naɗa ta haɗa da amintattu a cikinta. Ma'ana, idan kowace tsohuwar ƙungiya ta taho da amintattu biyar aka tara su goma, ga kuma zaɓaɓɓu tara, to waɗanda ba a zaɓa ba sun rinjayi waɗanda aka zaɓa a teburi ɗaya. Idan kuma kundin bai sa wa amintattu wa'adi ba, sai mutuwa ko murabus. Cire amintacce ba ƙudurin taro kaɗai ba ne, sai an sake buga jarida an sake jiran kwana 28. Shawararmu ita ce amintattu su tsaya tsakanin uku da biyar, da wa'adi rubutacce, kuma kundin ya fayyace a kan waɗanne batutuwa suke da ƙuri'a a majalisa. Lauya mai kyau zai kawo wannan da kansa. Da yawa ba sa kawowa sai an tambaya.

Matakan ƙwarewa, wato asalin rigimar

Mutanen wannan sana'a ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Akwai masu digiri, irin waɗanda jami'ar fasaha ta tarayya da ke Owerri ke yayewa. Akwai masu difiloma da babbar difiloma daga kwalejin fasahar ƙashi ta tarayya da ke Igbobi a Legas. Akwai waɗanda suka yi karatu a waje, misali a makarantar TATCOT da ke Moshi a Tanzaniya. Akwai kuma waɗanda suka koya a kan benci, a bitar asibitin ƙashi irin na Dala a Kano ko a asibitocin mishan da suka daɗe suna yi wa masu kuturta takalma, mutum ya shekara ashirin yana zuba filasta yana gasa roba yana daidaita ƙafa, amma babu babbar takarda a hannunsa. Ƙungiyar duniya ta wannan sana'a, ISPO, wadda aka kafa a 1970, ta daɗe da kasa ma'aikata mataki uku: wanda ke duba majinyaci ya tsara abin da za a yi masa, mataimakinsa, da mai ƙera kayan a ɗakin ƙira. Hukumar lafiya ta duniya ta tafi a kan irin wannan rabon a ƙa'idojin da ta fitar a 2017.

A ce ƙungiyar masu duba majinyata tana da mamba 60, ta masu ƙira tana da 240. Idan kundin ya ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya, kowa na iya neman kowace kujera, to a zaɓen farko masu ƙira za su kwashe komai, masu digiri su fice su kafa wata. Idan kuma ya ce sai mai digiri zai shiga majalisa, mutum 240 sun zama masu biyan kuɗi kawai, kuma ba za a taɓa samun kashi 75 ɗinsu ba tun a matakin ƙuduri. Maganin shi ne a raba kujeru tun a kundi. A majalisa mai kujera 11, misali, huɗu na masu duba majinyata, uku na masu ƙira, biyu a buɗe ga kowa, ɗaya ta mai amfani da gaɓar roba, ɗaya ta masanin kuɗi ko doka daga waje. Kowane rukuni ya zaɓi nasa, kujerun da ke buɗe kowa ya jefa ƙuri'a. Lissafin na iya sauyawa, abin da ba ya sauyawa shi ne kada rukuni ɗaya ya iya cika adadin zartar da hukunci shi kaɗai. Don haka sharaɗin cikar taro ya ce sai da aƙalla mutum ɗaya daga kowane rukuni, tare da kariya: idan rukuni ya ƙaurace wa zama biyu a jere da gangan, na uku ya halatta ba tare da shi ba. In ba haka ba an ba kowa makamin tsayar da ƙungiya.

Kwamitin tantance ƙwarewa kuwa, a nan ba ma goyon bayan sassauci. Wanda zai yanke hukunci a kan ko soket ɗin da aka yi wa mai ciwon suga ne ya jawo masa gyambo, ko ƙarfen da aka ɗaura wa yaro mai shan inna ya karkatar masa da gwiwa, dole ya zama mai horon duba majinyaci da lasisi mai rai. A ba masu ƙira kujera a ciki don batutuwan ɗakin ƙira, zafin tanda da kaurin roba da ɗaurin kusoshi, domin a nan sun fi kowa sani. Amma rinjaye na masu duba majinyata ne.

Sai mai takarda biyu. Da yawa a Najeriya an horar da su a fannonin biyu, gaɓar roba da kayan tallafar gaɓa, kuma wasu suna cikin tsofaffin ƙungiyoyin duka biyu. Kundi ya tilasta musu zaɓen rukuni ɗaya kafin a rufe rajistar masu zaɓe, kuma ba sa sauyawa sai wa'adi ya ƙare. Idan aka bar wannan a buɗe, mutum ɗaya zai jefa ƙuri'a sau biyu, ko ya faɗi a nan ya koma can.

Tsofaffin hannu marasa takarda su ne batun da ya fi taɓa zuciya, kuma lauya ba zai san da su ba sai an gaya masa. Hanyar da ta fi adalci ita ce a buɗe musu ƙofa sau ɗaya: duk wanda sunansa ke cikin rajistar tsohuwar ƙungiya a wata rana da aka ayyana, ya kuma kawo shaidar shekarun aiki daga asibiti ko wurin ƙirar da ya yi wa aiki, ya shiga rukunin masu ƙira da cikakken haƙƙin zaɓe da tsayawa. A rubuta ranar rufe ƙofar da lambobi. Idan aka rubuta “har zuwa lokacin da majalisa ta ga dama”, kowane ɗan takara zai riƙa shigo da yaran shagonsa ana gobe zaɓe. A kuma rubuta ƙarara cewa wannan shigar ba lasisin duba majinyaci ba ce.

Ƙananan layuka masu rushe zaɓe

Akwai jimlar da kusan kowane kundi ke ɗauke da ita: ɗan takara ya kasance ya shekara uku yana mamban ƙungiyar. A sabuwar ƙungiya da aka haifa jiya babu wanda ya cika wannan, har shugabannin da suka sa hannu a haɗewar. Duk wanda ya faɗi zaɓe yana da hujjar zuwa kotu a hannunsa. Gyaran layi ɗaya ne: shekarun da mutum ya yi a kowace daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin ana lissafa su. Amma da zarar an rubuta haka, tambaya ta biyu ta taso. Idan shekarun zama mamba sun biyo mutum, shekarun mulki fa? Wanda ya yi wa'adi biyu yana shugabancin tsohuwar ƙungiya, sabon lissafi zai fara ko ya gama? Mu muna ganin wa'adin ya biyo shi, ko aƙalla a ƙirga masa ɗaya. Wasu haɗe-haɗen ba don komai ake ƙulla su ba sai don agogon shugaba ya koma sifili, kuma mambobi suna ganewa.

“Mai biyan kuɗin ƙungiya” ma ba magana ce mai ma'ana ɗaya ba. Wata ƙungiyar shekararta na ƙarewa a Disamba, wata a Yuni. Wata tana karɓar kuɗi a wurin taron shekara a rubuta a littafi, wata ta banki. Kundi ya faɗi ranar da ake duba biyan, misali kwana 60 kafin zaɓe, ya faɗi shaidar da ake karɓa, ya kuma yanke hukunci a kan tsohon bashi: an yafe, an rage, ko sai an biya. A haramta wa ɗan takara biya wa wasu bashinsu a dunƙule. Ana yi, kuma sayen ƙuri'a ne da rasit.

Lasisin MRTB shekara-shekara ake sabunta shi. Kundin da ya ce ɗan takara ya zama “mai rajista” ya bar rami, don mutum na iya yin rajista shekara goma da suka wuce bai sake sabuntawa ba. A kujerun da ke buƙatar lasisi, a rubuta lasisi mai aiki a ranar miƙa fom, kuma ya ci gaba da aiki tsawon wa'adi. A ba da rangwamen kwanaki, 90 ya isa, ga wanda ya biya yana jiran takarda ta fito, rasit ɗinsa ya tsaya masa. Wanda hukuma ta dakatar kuwa kujerarsa ta faɗi a ranar, ba sai an kira taro ba. Haka hukuncin ladabtarwa da tsohuwar ƙungiya ta yanke wa mutum: ya biyo shi cikin sabuwa, da ƙarar da ba a gama saurare ba. Idan kundi ya yi shiru, haɗewa ta zama wankan tsarki ga kowa.

Masu kawo kaya

Wannan sashen babu shi sam a kundin da aka saba bayarwa, kuma a wannan sana'a ya fi komai nauyi. Tafin ƙafa, gwiwar ƙarfe, bututu, safar silikon, fallayen roba, kusan duka daga waje ake shigo da su, kuma masu shigo da su sau da yawa 'yan sana'ar ne da kansu. Su ne kuma ke ɗaukar nauyin taron shekara, su biya ɗakin taro a otal su buga riguna. Ba laifi ba ne. Amma mutumin da ke wakiltar kamfanin gwiwa ba zai zauna a kwamitin da ke rubuta irin gwiwar da ƙungiya za ta ba asibitocin gwamnati shawarar saya ba. Hana su shiga majalisa gaba ɗaya ba zai yiwu ba, mutanen ba su da yawa. Abin da ke aiki shi ne kowa ya rubuta harkokin kasuwancinsa a fom duk shekara, mai ruwa da tsaki ya fita daga ɗaki lokacin da ake tattauna batun, a rubuta fitarsa a bayanan taro, sannan a hana dillalin kaya kujera biyu: ma'aji da shugaban kwamitin ƙa'idoji.

Malamai ma haka. Ƙa'idar duniya ta hukumomin ba da shaidar ƙwarewa, ISO/IEC 17024, ta ce wanda ya horar da mutum kada ya zama mai jarraba shi sai bayan shekara biyu. Ko ƙungiyarku ba ta neman wannan tambarin, layin ya cancanci aro, domin makarantun kaɗan ne kuma kowa ɗalibin wani ne. Wanda ke zaune a hukumar gudanarwar MRTB shi ma kada ya riƙe shugabancin ƙungiya a lokaci guda: ƙungiya tana kare mambobinta, hukuma tana kare majinyaci daga mambobin, mutum ɗaya ba zai tsaya a gefe biyun ba ranar da aka kawo ƙara.

Ƙasashen da suka riga mu sun sha wannan. A Kanada ƙungiyar 'yan sana'ar da hukumar ba su shaidar ƙwarewa sun haɗe a 2015 suka zama OPC. A Amurka hukumar ABC, wadda ke ba da shaida tun 1948, ta haɗe da ta masu takalman gyaran ƙafa a 2007. Duk inda mai fafutukar haƙƙin mambobi da mai jarraba su suka shiga inuwa ɗaya, tambayar ita ce yadda za a hana majalisar da aka zaɓa taɓa sakamakon jarrabawa. A kundinku amsar ita ce majalisa ta naɗa 'yan kwamitin tantancewa amma ba ta iya soke hukuncinsu, ɗaukaka ƙara ta tafi wani kwamiti dabam, kuma ba a cire ɗan kwamiti sai da dalilin da kundi ya lissafa.

Wani abin da lauyoyin suka sani amma ba sa jan kunne a kai shi ne sashe na 838, wanda ya hana ɗan majalisar gudanarwa riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar. Idan ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin tana da sakatare mai albashi, sai ya zaɓa: albashi ko ƙuri'a. Kuɗin mota da masauki da aka kashe don aikin ƙungiya ana mayarwa, wannan daban ne.

Majalisar riƙo

Tsakanin ranar da takarda ta fito da ranar zaɓen farko dole wani ya riƙe ƙungiya. Abin da ake yawan rubutawa shi ne shugabannin ɓangarorin biyu su ci gaba “har a yi zaɓe”, ba rana ba wata. A sa kujeru daidai wa daida ko da wani ɓangaren ya ninka wani yawa, a sa wa'adin wata 12, in ya yi tsawo 18, a kuma rubuta abin da zai faru idan wa'adin ya cika ba a yi zaɓe ba: ikon kiran zaɓe ya koma hannun amintattu cikin kwana 30. Shugaban riƙo da 'yan kwamitin zaɓe ba sa tsayawa takarar farko. Wannan sharaɗin shi kaɗai yana nuna wanda ya shigo don aiki. A zaɓen farko kuma a raba wa'adi, rabin kujeru shekara biyu rabi shekara uku ta hanyar ƙuri'ar sa'a, don kada majalisa ta sauka gaba ɗaya rana ɗaya a rasa wanda ya san inda fayil yake.

Rabon kujeru bisa shiyyoyi shida abu ne da kowane lauyan Abuja zai saka ba a tambaye shi ba, don ya saba. A sana'ar da masu lasisi suka taru a Legas da Inugu da Kano da Abuja, wata shiyyar ba za ta iya fitar da mutum biyu da suka cika sharaɗi ba. A bar shiyya ta zama abin la'akari, ko a rubuta cewa kujerar da ba a samu mai cika sharaɗi ba ta koma a buɗe na wannan wa'adin kawai. Mamban da ke Jos ko Maiduguri kuma a ba shi hanyar jefa ƙuri'a ba sai ya biya kuɗin mota da otal zuwa Abuja ba, in ba haka ba mazauna Abuja ne za su riƙa zaɓar kansu.

Kujerar mai amfani da gaɓar roba ba ado ba ce, kuma tun da aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019 aka kuma kafa hukumarsu a Abuja, samun wanda zai wakilce su bai da wuya. Sharaɗinta shi ne kada ya zama ɗan sana'ar, kada ya zama ma'aikaci ko ɗan'uwan wani ɗan majalisa, kuma ƙuri'arsa cikakkiya ce.

Yadda za a sayi hidimar

Kada ku shiga ofis ku ce “Barista, mu dai satifiket muke so.” Abin da kuka nema shi za a ba ku. Kafin ku je, kowane ɓangare ya kawo rajistar mambobinsa da matakin karatun kowa da lambar lasisinsa da matsayin biyansa, a haɗa su a cire sunayen da suka maimaitu. Mutum biyu daga kowane ɓangare, ɗaya mai duba majinyata ɗaya mai ƙira, su zauna su rubuta sharuɗɗan cancanta da Hausa ko Turancin da kowa ke ji, sannan a kai wa lauya ya sa musu rigar doka. Lauya ɗaya ga ɓangarorin biyu ya fi araha, amma ƙaramin ɓangare ya biya wani lauyan dabam ya karanta masa daftarin ko da sau ɗaya ne.

Gwajin da ke bambance lauyan da ya iya da wanda ke cike fom ba shi da wuya. Ku ba shi sunayen ƙarya guda biyar: mai digiri da lasisinsa ya ƙare wata biyu da suka wuce, tsohon mai ƙira marar takarda, dillalin gwiwar roba mai lasisi, tsohon shugaban da ya yi wa'adi biyu, da malamar da ke koyarwa a makarantar horo. Ku ce ya nuna muku, da lambar sashe a daftarinsa, kujerar da kowannensu zai iya nema da wadda ba zai iya ba. Idan ya ce “wannan majalisa za ta duba”, daftarin bai nuna ba tukuna. A sa wannan gwajin cikin yarjejeniyar aiki, a kuma riƙe kashin ƙarshe na ladansa har sai an wuce shi.

A tabbatar kuma sharuɗɗan suna cikin daftarin da mambobi za su jefa wa ƙuri'ar kashi 75, ba a wata takardar da za a rubuta daga baya ba. Gyara kundi bayan rajista sai an sake kiran babban taro an sake komawa CAC, kuma a lokacin waɗanda gyaran zai taɓa su ne ke riƙe da kujerun da ke kiran taron. A aika wa mambobi daftarin aƙalla kwana 21 kafin taro, a ɗauki sunan duk wanda ya halarta da sa hannunsa, a ƙirga ƙuri'a da lamba a rubuta ta a bayanan taro, domin kalmar “gagarumin rinjaye” ba ta nuna wa alƙali cewa an kai kashi 75.